Garaɓasar Kamfanonin Caca: Shirunmu Ne Garkuwarsu

Duk ranar da matashi ya koka cewa kamfanin caca ya riƙe masa kuɗi, amsa ɗaya yake samu daga manya: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam ya ce caca haramun ce, fasto ya ce zunubi ce, shi ke nan an rufe zance. Na yarda da wannan hukunci, kuma ba na fatan ɗan kowa ya taka ƙofar shagon caca. Abin da na ƙi shi ne yadda muka mai da hukuncin hujjar yin shiru a kan zalunci, alhali babu mai cin ribar shirun sai kamfani.

Mutum ya tsallaka gada a Kaduna ya zaga Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Shagunan Bet9ja da BetKing a buɗe suke da rana tsaka, wanda bai shiga shago ba kuma yana da SportyBet a waya. A Kakurin nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata da jikokinsu, Musulmi da Kirista, suna cikin masu haɗa tikiti yau. Matashin da ba shi da albashi, kalmar "kyauta" tana yi masa nauyi a kunne, kuma masu talla sun san haka sarai.

Tallan yakan ce: zuba naira dubu biyar, mu ƙara maka dubu biyar. Sharuɗɗan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma tsarin ɗaya ne. Ba ka isa ka cire ƙarin ba sai ka sake buga shi sau da yawa, galibi a tikiti mai wasanni da dama, cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. An rubuta "kyauta" da manyan haruffa, an tura sharuɗɗan can ƙasa cikin Turancin lauyoyi. A kasuwa, in mai hatsi ya yi maka gyara, da shi kake tafiya gida. Wanda ya ce gyaran naka ne amma sai ka dawo ka yi ciniki sau biyar a rumfarsa, sunansa macuci, ko da me yake sayarwa.

Dalilin tura mutum ga dogon tikiti lissafi ne. A ce kamfani yana riƙe kashi 5 cikin 100 a kowane wasa. In aka jera wasanni goma a tikiti ɗaya, abin da yake riƙewa ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa kullum kake jin yara suna cewa wasa ɗaya ne ya yanke musu tikiti. Suna ganin rashin sa'a ne, alhali a kan hakan aka gina garaɓasar. Sannan in mutum ya ci, ɗan kuskure a suna ko zargin ya buɗe asusu biyu ya isa a dakatar da biya. Kamfanin da ya rubuta sharaɗin shi ne mai fassara shi, shi ne alƙali, kuma kuɗin yana hannunsa.

Masu cewa ai ya danna "na amince" su dubi Ingila. A 2018 hukumar kula da gasa a kasuwanni ta ƙasar ta sa manyan kamfanoni irin su Ladbrokes da William Hill suka ɗauki alkawarin daina ɗaure kuɗin da mutum ya zuba da hannunsa da sunan garaɓasa. Can ma mutane sun danna "na amince", hukuma ta ce hakan bai halatta sharaɗin zalunci ba.

Mu ma muna da dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 da hukumarta FCCPC. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar caca ta tarayya ta 2005 ta tsaya a Abuja. Kano ta zaɓi hanyarta, Hisba tana rufe shaguna. Kaduna ta bar su a buɗe, hukumar KADIRS tana karɓar haraji. To, gwamnatin da ta karɓi rabonta daga aljihun ɗan Narayi ba ta da bakin ce masa shi ya jawo wa kansa.

Saboda haka majalisar dokokin jihar Kaduna ta wajabta a rubuta sharaɗin garaɓasa da girman haruffan tallanta, da Hausa da Turanci mai sauƙi. A hana ɗaure kuɗin da mutum ya zuba da kansa. A tantance shi ranar da ya buɗe asusu, tun kafin a karɓi ko kwabonsa. A buɗe ofishin ƙorafi mai ikon ƙwace lasisi. Malamai da fastoci kuma su ci gaba da wa'azi, amma su haɗa da bayyana wa matasa wannan lissafi. Yaron da aka nuna masa yadda ake yankarsa ya fi saurin barin shagon a kan wanda aka ce masa Allah ya ƙara.