Kwaɗon da Ke Kulle Mai Gaskiya a Waje

Mai sha'awar finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda duniya ta sani da sunan anime, yakan tara kuɗinsa wata da watanni, ya aika Faris a sayo masa faifan DVD na asali mai fassarar Faransanci. Ya biya kuɗin faifai, ya biya na aike, ya biya na kwastan. Ranar da kayan suka iso Yamai ko Njamena, sai ya zura faifan cikin na'urarsa ta babban kamfani, ita kuwa ta ƙi kunnawa, ta rubuta masa cewa faifan ba na yankinsa ba ne. A bakin kasuwa kuma ga mai tebur yana sayar da kwafin jabu na fim ɗin a kan kuɗi ƙalilan, kuma babu na'urar da za ta ƙi shi. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsarin da ke haifar da haka ya cancanci a soke shi.

Tun fitowar DVD a Japan a 1996 aka raba duniya yanki shida, kowane faifai da lambarsa, kowace na'ura da tata. Amurka da Kanada su ne yanki na 1. Japan da Turai da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu na 2. Kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu na 3. Ostireliya da ƙasashen Latin Amurka na 4. Sauran Afirka da Rasha da Indiya na 5, Sin kuma ita ce ta 6. Idan lambar faifai ba ta dace da ta na'ura ba, na'urar ba za ta buɗe shi ba. Da Blu-ray ya zo a 2006 sai aka sake rabon zuwa kashi uku: A ya haɗa nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C kuma ya ɗauki Sin da Rasha da Indiya. Ba ƙarancin fasaha ne ya kawo wannan ba. Kwaɗo ne da aka ƙera da gangan.

Dalilin da ya sa lamarin ya fi tsanani a harkar anime yana cikin yadda ake biyan kuɗin shirya shi. A Japan, kamfanoni da dama kan haɗa jari su kafa kwamitin shirya fim guda: mai buga littafin da aka ɗauko labarin, da gidan talabijin, da mai sayar da waƙoƙi, da mai buga faifai. Shekaru da yawa cinikin faifai na daga cikin manyan hanyoyin mayar da wannan jari. Saboda haka akan tsuga masa kuɗi: faifai guda mai kashi biyu ko uku na shiri yakan kai yen 6,000 zuwa 8,000, ga shi sai an sayi faifai shida ko fiye kafin a kammala shiri ɗaya. A Amurka kuwa akan tattara shirin gaba ɗaya cikin kwali guda a sayar da shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Muddin Japan tana yanki na 2 Amurka tana na 1, kwaɗon yana tsare kasuwar gida. Da Blu-ray ya jefa ƙasashen biyu cikin yankin A, sai tsoro ya kama masu haƙƙin mallaka cewa Japanawa za su riƙa sayo na Amurka mai araha.

Matakan da suka ɗauka sun faɗa kan masu saye na waje. Wani lokaci a jinkirta fitowar faifan a ƙasashen waje. Wani lokaci a kafe rubutun fassara a kan allo yadda ba ya gogewa muddin ana sauraron muryoyin Japananci. A 2012 kamfanin Sentai Filmworks ya fitar da Persona 4: The Animation a Blu-ray a Amurka ba tare da muryoyin Japananci ba sam, sai na Ingilishi kawai, bisa sharaɗin masu haƙƙin. Wato an rage wa wanda ya biya kuɗinsa abin da ya saya, don tsoron wani mai saye daban da ke wata nahiya.

Adalci ne a saurari hujjar kamfanonin. Zane mai motsi aiki ne mai cin lokaci da hannaye masu yawa, kuma sananne ne cewa ƙananan masu zane a Japan ba sa samun ladan da ya kai wahalarsu. Idan faifan waje mai araha ya karya farashin gida, kuɗin shirya sabon fim zai ragu. Haka nan kamfanin da ya sayi lasisin Faransa ko Ingila, ya kashe kuɗi wajen fassara da ɗora murya, yana da haƙƙin ya ci moriyar wahalarsa.

Sai dai hujjar tana da ƙarfi ne kawai a inda akwai kasuwar da ake karewa. A Nijar da Cadi da Kamaru da Gana da wuya a sami kamfanin da ya sayi lasisin buga anime a faifai domin mutanen wurin. Babu ɗan kasuwar gida da faifan Faris zai kassara. Abin mamaki ma shi ne, faifan da aka buga a Masko da harshen Rasha zai buɗe a na'urar yanki na 5, amma na Faransanci, harshen da ɗalibin Yamai ya yi karatu da shi, ba zai buɗe ba. Masu kallo kuwa akwai su tun da daɗewa. Faransa ta fara nuna Goldorak a 1978, masu jin Larabci kuma a Sudan da Cadi sun tashi da labarin ɗan ƙwallon nan Kyaftin Majid, wanda asalin sunansa Captain Tsubasa. An san da masu kallon, ba a kawo musu kaya ba, sannan an hana su zuwa su sayo da kansu.

Kwaɗon ma bai taɓa tsayar da ɓarawo ba. Mai satar fasaha yakan cire shi cikin ƴan mintoci kafin ya buga dubban kwafi, kuma yawancin na'urori masu araha da ake shigowa da su daga Sin ba ruwansu da lambar yanki. Wanda kawai yake makalewa shi ne wanda ya sayi faifan asali da na'urar asali.

Ya kamata a bambanta wannan da takunkumin hukuma. A Ingila dokar 1984 ta wajabta a tace faifan fim kafin a sayar da shi, kuma hukumar tacewa ta BBFC ta taɓa yanke wani ɓangare na shirin Paranoia Agent saboda yadda ya nuna rataye kai. A 2015 ma'aikatar al'adun Sin ta haramta shirye-shirye 38, ciki har da Death Note da Attack on Titan. Mutum na iya yarda da irin waɗannan hukunce-hukunce ko ya ƙi, amma dai an san wanda ya yanke su da dalilin da ya bayar. Kowace al'umma tana da ikon duba abin da zai shiga hannun ƴaƴanta, musamman da yake ba duk anime ne aka yi domin yara ba. Kwaɗon yanki kuwa ba tarbiyya yake karewa ba, farashi yake karewa. Kotun ƙolin Amurka ma, a shari'ar Kirtsaeng ta 2013, ta yanke cewa wanda ya sayi littafi na halal a ƙasar waje yana da ikon shigo da shi ya sayar. Babu dalilin da zai sa hankalin da ya yarda da haka a kan littafi ya ƙi shi a kan faifai.

Masu cewa zamanin faifai ya wuce tunda ga kallo ta intanet, su tuna cewa can ma akwai shinge. Lokacin da Netflix ya fara nuna finafinai 21 na Studio Ghibli a 2020, an ware Amurka da Japan daga yarjejeniyar. Abin da ke kan intanet kuma aro ne. Da aka rufe dandalin Funimation a watan Afrilun 2024, bayan haɗe shi da Crunchyroll, kwafin intanet da mutane suka samu tare da faifan da suka saya bai bi su sabon gidan ba. Kamfanonin Geneon da ADV Films na Amurka sun daina buga faifai a 2007 da 2009, amma abin da suka buga yana nan a ɗakunan masu tarawa, yana aiki. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle a wurin da intanet ke da tsada kuma ba ya tsayawa.

Masana'antar da kanta ta nuna cewa ana iya rayuwa ba kwaɗo: faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016 ba shi da lambar yanki. Abin da ya rage shi ne masu haƙƙin anime su yi haka ga sauran faifan, su bar ƙasar da ba su buɗe shago a cikinta ba ta saya daga inda ta samu. Kafin ranar ta zo, mai saye ya duba bayan kwali: alamar duniya mai lamba a ciki ita ce yankin DVD, kalmar ALL na nufin ko'ina, kuma Blu-ray na Faransa mai harafin B yankinsa ɗaya da Afirka baki ɗaya.