Kada Mu Yar Da Irin Kaka

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan alama. Ruwa ya janye, sai ka ga fari-fari a saman ƙasa kamar an barbaɗa gari, shinkafa ta tsaya cak, bakin ganyenta ya ƙone. Manomi ya ce taki ne bai isa ba, ya ƙara buhu, alhali gishiri ne ya hana saiwa shan ruwa, wanda ya samu shiga kuma ya hau ganye ya kashe shi.

Masana sun daɗe suna neman irin da zai jure wa wannan. Ni abin da ya ja hankalina shi ne inda suka samo maganin. A gaɓar teku a jihar Kerala ta Indiya akwai wata tsohuwar shinkafa, Pokkali, doguwa, ba ta da yawan amfani, amma manoma suka riƙe ta don ruwan gishiri bai cika kashe ta ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta gano ƙwayoyin gadon da ke ba ta juriyar, aka sa musu suna Saltol. Aikinsu shi ne rage gishirin da ke kai wa ganye tun shuka tana ƙarama. Sai aka yi ta haɗa ta aure da shinkafa mai yawan amfani, ana tantance 'ya'yan a ɗakin gwaji.

Haka aka yi a Ostareliya. An ɗauko ƙwayar gado mai suna Nax2 daga wata tsohuwar alkama, kuma a 2012 masana suka bayyana cewa amfani ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a gona mai gishiri.

To, mu fa? Kullum manomanmu suna watsar da irin kakanni don na zamani. Wa ya san abin da ke ɓoye cikin geron da ya saba da ƙasar kanwa ta yankin Tafkin Cadi? Ya kamata cibiyoyin binciken noma na Samaru da Badeggi da Maiduguri su ƙara ƙaimi wajen tattara waɗannan iri, gwamnati kuma ta ba su kuɗin aikin.

Sai dai iri, komai kyansa, ba ya wanke ƙasa. Muddin magudanai na toshe, ruwa na kwana a gona, gishiri zai ci gaba da taruwa. Manomi, ka yashe magudanarka, ka kuma adana damin irin kakanka a rumbu.