Warkewar Gyambo Ba Ita Ce Ƙarshen Jinyar Ƙuna Ba

A al'adar Bahaushe, da zarar gyambon ƙuna ya ƙafe, sabuwar fata ta tofo, sai 'yan'uwa su yi wa majinyaci barka, a naɗe tabarma a koma gida. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a daidai wannan lokaci ne tabo yake fara aikinsa. Tabon ƙuna mai zurfi yakan ɗauki shekara guda zuwa biyu kafin ya nuna, kuma a tsawon wannan lokaci kullum tsukewa yake yi. Idan ya ratsa gaɓa, kamar wuya ko hammata ko gwiwar hannu ko yatsu, sai ya riƙa jan ta a hankali har ya ƙanƙame ta. Yaron da ya faɗa kaskon wuta da hunturu yana iya tsira da ransa, amma bayan wata shida a tarar yatsunsa sun dunƙule cikin tafi, ba ya iya riƙe alƙalami, balle ya kai loma baki.

Akwai fannin kiwon lafiya da aka keɓe domin wannan matsala, wanda ma'anar sunansa ita ce magani ta hanyar aiki. Aiki a nan bai tsaya ga sana'ar neman abinci ba. Ya haɗa duk abin da mutum yake yi da jikinsa daga asuba zuwa kwanciya, wato alwala da ɗaura zane da tuƙa tuwo da riƙe fartanya. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan fanni a Amurka a 1917, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da George Barton, wani mai zanen gine-gine wanda tarin fuka da raunin ƙafa suka kwantar, ya farfaɗo da kansa ta hanyar sassaƙa da aikin lambu. Yaƙe-yaƙen duniya biyu, da ɗimbin sojojin da suka komo da raunuka, su suka ba fannin gindin zama, har aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsa ta duniya a 1952.

Hikimar aikin ba ta da wuyar fahimta, aiwatarwar ce mai ɗaci. Mai ƙuna yakan so ya lanƙwashe gaɓar da take masa zogi domin ya sami sauƙi, alhali kuwa wannan lanƙwasa ita ce siffar da tabo zai daskarar da gaɓar a kai. Saboda haka tun daga kwanakin farko ma'aikacin yakan hana mai ƙunar wuya matashin kai, ya ware hannun mai ƙunar hammata daga jikinsa, ya ɗaura wa mai ƙunar yatsu karan ɗori na roba domin su zauna a miƙe, babban yatsa kuma a ware. Idan fata ta rufe sai a shiga murza tabon da mai, a sa wa majinyaci matsattsiyar riga wadda ake so ya yini ya kwana da ita, kimanin awa 23 a rana, har shekara guda ko fiye. Wanda ya san zafin bazarar Sakkwato ya san wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne, shi ya sa sai an yi ta lallashi. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tabon da ya riga ya ƙanƙame gaɓa kuwa sai wuƙar likita, ita ma ɗin idan ba a biyo ta da wannan horo ba, tabon yakan koma gidan jiya.

Wani zai ce ƙasar da take fama da ƙarancin gado da magani ba ta kai ga wannan ƙawa ba tukuna. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, don haka ceton rai shi ne gaba. Sai dai lissafin bai cika ba. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, an ƙidaya mamata fiye da 150, aka yi jimaminsu. Waɗanda suka tsira da ƙuna, akasarinsu matasa majiya ƙarfi, su ne za su rayu shekaru da dama da hannuwan da ko dai suna aiki ko ba sa yi. Kuɗin karan ɗori da rigar matsi bai kama ƙafar kuɗin tiyatar sakin tabo ba, balle asarar magidancin da ya koma riƙe ƙoƙon bara. Ga shi kuma ƙwararren tela na kasuwa zai iya ɗinka rigar idan an koya masa awo.

Tun 1988 doka ta kafa hukumar da take yi wa masu wannan aiki rajista a Nijeriya, amma har yanzu ba su da yawa, kuma a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala aka fi jin ɗuriyar irin wannan jinya. Mutumin ƙauye bai ma san akwai ta ba, balle ya nema.

A nan ne nauyi ya hau kan Sashen Hausa. Bahaushe ya san gashin ƙashi, har yakan kira masu motsa gaɓoɓi da wannan suna, amma wannan fanni ba shi da tsayayyen suna a bakinsa, kuma abin da ba shi da suna ba a tambayarsa a gaban likita. Ya kamata malaman fassara da ɗalibansu su zauna da ma'aikatan asibiti su tsayar da suna, ko "jinyar aiki" ko wani wanda ya fi shi, sannan su rubuta gajeren bayani da boko da ajami, a karanta a gidajen rediyo kafin shigowar hunturu. Uwar da za ta ɗaura wa ɗanta karan ɗori kowane dare yana kuka tana buƙatar a gaya mata dalili da harshenta, in ba haka ba tausayi zai sa ta kwance shi a daren farko.