Girman Amana da Girman Danniya

 Ya ku 'yan'uwa masu karanta wannan takarda, ku sani lalle maganar sauyin yanayi ta kai ƙofar kowa, domin damina ta rikice, zafi ya tsananta. Shugabannin duniya sun ƙulla alkawari a birnin Paris a 2015, Nijeriya kuma ta kafa dokarta ta sauyin yanayi a 2021. Amma ni abin da nake tambaya shi ne: don me wani yake karɓar irin waɗannan dokoki, wani kuwa yake ƙinsu?

Ban yi karatun boko ba, allo da tawada na sani. Amma labari ya iso mini cewa wani masani a ƙasar Niyuzilan, Taciano Milfont, ya bincika da abokansa a 2013, suka ga mutumin da ya yarda wasu jama'a su danne wasu, galibi shi ne mai ƙarancin damuwa da ɓarnar ƙasa da daji. Ban yi mamaki ba. Wanda ya ɗauki talaka abin hawa, haka zai ɗauki itace da ruwa, ya ce duk ganimarsa ce.

Kada wani ya ce ina zargin girmama na gaba. A'a. Girma iri biyu ne. Akwai na amana, wanda babba yake sanin za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Akwai na danniya, wanda babba yake ganin ba mai tambayarsa. Na biyun nan shi ne cutar.

Ku dubi ƙasar Nijar. A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a yammacin Afirka, itatuwa suka koma hannun hukuma, aka ci gaba a kan haka bayan 'yancin kai. Manomi ya sari reshe a gonarsa, masu gadin daji su ci shi tara. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa kawar da tsiro tun yana ƙarami, gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi.

Sa'an nan a 1983 wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa kututturen da ke gonaki suna da rai. In an bar tofo kaɗan masu ƙarfi, aka datse saura, sai su zama itace. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 aikin ya fara yaɗuwa, ya ƙara ƙarfi da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata amfanin itacen nasa ne. Masana sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawancinsu a Maraɗi da Damagaram. Da yawa gawo ne, mai zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki.

Manomin da ya kashe tsiro jiya shi ne ya rene shi yau. Abin da ya sāke shi ne yadda na sama yake kallonsa: dā ɓarawo, yanzu ma'abucin amana.

Saboda haka ina kira ga mahukunta da sarakuna: duk dokar da za ku kafa, ta hana yin gawayi ce ko ta dashen itatuwa, ku zauna da manomi da makiyayi da matan da ke hura murhu tukuna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kada a hana talaka icen girki alhali ana bai wa mai mota takardar kwashe daji. Mu kuma talakawa, kada zaluncin wani ya zama hujjarmu ta sare abin da jikokinmu za su sha inuwarsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.