Mas'alar Namiji Da Mace: Mu San Abin Da Muke Jayayya Da Shi

Ya 'yan'uwa, ɗalibanmu na sakandare a ƙasar Birnin Gwari suna karanta ra'ayin Darwin a darasin bayoloji, su dawo gida da tambayoyi, mu kuwa ba mu da amsa sai ba'a da zancen biri. Ba'a ba hujja ba ce. Mu ɗauki mas'ala guda, wato asalin hayayyafa tsakanin namiji da mace, mu ji abin da masanan suka faɗa.

Su kansu sun yarda akwai ɗaure kai a cikinta. A littafinsa na 1978, John Maynard Smith na Ingila ya nuna cewa halittar da ke hayayyafa ita kaɗai ta ninka mai buƙatar namiji saurin yaɗuwa, domin duk 'ya'yanta masu haihuwa ne. To, me ya hana namiji ɓacewa?

Rabin amsarsu yana gonakin Saminaka. Rogo da karansa ake dasa shi, kowane tushe tamkar uwarsa yake, cutar da ta ci ɗaya ta sami hanyar cin saura. Haka cutar Panama ta yi wa ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950. Masara kuwa bununin wata ke sauka a gemun wata, ƙwayoyi su fito da gauraye gado, wasu su faɗi wasu su tsira. Kan wannan William Hamilton ya gina bayaninsa a 1980, aka kuma ga shaidarsa a dodon koɗin tafkunan New Zealand.

Amma farkon lamarin fa? Sun ce ƙwayoyin bakteriya suna musayar guntayen gado, daga kayan gyaran gadon da ya lalace aka sami rabuwar ƙwayar haihuwa, daga baya ƙwayoyin suka bambanta, ƙwan mace babba, na namiji ƙarami. Tsohuwar shaidarsu wata gansakuka ce a duwatsun Kanada, mai kimanin shekara biliyan 1. Wannan istinbaɗi ne daga alamomi, bai kai ƙarfin bayanin farko ba, kuma sun yi saɓani a cikinsa.

Mu da muka karanta Usulu mun san bambancin yaƙini da zato mai rinjaye, mun kuma san bayanin sababi ba ya kore Mai sabbabawa. Lalle ne malaman Islamiyyunmu su zauna da malaman bayoloji su koyi wannan babi, kafin su hau mumbari da shi.