Kwamfutar da Ta Yi Shiru Ba Fomat Take Buƙata Ba

A cikin larurorin da kan sami kwamfutar tebur, da wuya a samu wadda maganinta ya kai na ɗaukewar sauti arha, kuma da wuya a samu wadda ake jawo wa mai ita asara a kanta kamar ita. Allo na haske, rubutu na fita, bakin mai magana a bidiyo na motsi, amma lasifika ta yi gum. Daga nan sai ɗayan biyu: ko a haƙura a ce dama tsohuwa ce, ko a naɗe ta a buhu a kai wa mai gyara, shi kuma ya yanke hukuncin da ya saba yankewa, wato a yi mata fomat, a goge komai a sake zuba Windows. A ganina duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi muni, domin sau da yawa shi ne yake haifar da cutar da aka ce an je magancewa.

A Kwanyawa, da cikin garin Karaye, da Rogo, kwamfutar tebur ba kayan ɗaki ba ce. Ana samun ta a shagon buga takardu da cike fom, da ofishin makaranta, da wurin samarin nan masu tura wa mutane karatun Alƙur'ani, tafsiri da fina-finai a memori. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, buƙatar na'urar ta ƙaru har a karkara. Mafi yawansu na hannu ne, irin Dell OptiPlex da HP da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwannin Legas da Kano. Idan ɗaya ta samu matsala, tafiya ce zuwa birni, Farm Centre ko titin Beirut, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da yini guda shago a rufe.

Wani zai ce ai rashin sauti ƙaramin abu ne tunda na'urar na buga takarda. Wanda ya faɗi haka bai yi la'akari da irin al'ummar da muke ba. Mu mutanen kunne ne. Sashen Hausa na BBC yana magana da mu tun 1957, kuma har yau manomi da rediyonsa yake tafiya gona. Saƙon murya ya fi rubutu yawo a WhatsApp ɗinmu. Mai tura karatu a memori ba zai san ko abin da ya tura lafiyayye ne ba sai ya saurara. Ɗalibin da ke koyon furucin Turanci ko tajwidi da kunne yake koyo. Makaho kuwa, wanda manhaja irin NVDA ko Narrator ke karanta masa abin da ke kan allo, idan sauti ya ɗauke to kwamfutar gaba ɗaya ta mutu a wurinsa.

Manomin rani a bakin madatsar Challawa ya san wata ƙa'ida da ya kamata masu kwamfuta su ara. Idan ruwa bai iso fangali ba, ba ya fara kwance injin ban-ruwa. Daga bakin fangalin yake farawa, ya bi tiyo a ƙafa yana dubawa: ko ya lanƙwashe, ko ya ɓalle a mahaɗa, ko wani ya karkatar da ruwan. Sauti ma hanya yake bi. Yana tasowa daga fayil, ya bi ta manhajar da ke kunna shi, ya shiga Windows, ya wuce ta direba zuwa wani ɗan guntun sashe a kan babban fanel, ya fita ta rami, ya bi waya, ya isa lasifika. Duk inda aka samu yankewa a wannan layi, sakamakon ɗaya ne, shiru. Hikimar ita ce a fara bincike daga ƙarshen da ya fi sauƙin dubawa.

Ƙarshen nan shi ne lasifikar kanta. Ba kamar laftof ba, kwamfutar tebur galibi ba ta zuwa da lasifika mai ƙarfi a jikinta. Wasu na ofis suna da 'yar ƙarama a ciki, wadda kan yi shiru da zarar an soka wani abu a ramin sauti. Lasifikar waje tana buƙatar wutarta daban, ko ta soket ko ta USB, kuma tana da nata makunni da nata abin ƙara murya. A wurin da wutar NEPA ke zuwa da tafiya, ana sauyawa zuwa janareta ko sola, ita ce ta fi saurin ƙonewa. Gwajinta bai fi minti ɗaya ba: a cire wayarta a soka a wayar hannu mai ramin iyafis, a kunna wani abu. In ta yi magana, lafiyarta ƙalau. Sannan a juya gwajin, a soka iyafis a kwamfutar. Waɗannan gwaje-gwaje biyu kaɗai sun raba matsalar gida biyu, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Sai ramukan bayan akwatin. Yawanci uku ne, girmansu ɗaya, kuma kowace waya tana shiga kowanne ba tare da gardama ba. A nan ne da yawa ke faɗawa. Launukan da ke kansu ba ado ba ne. Tsari ne da kamfanonin Microsoft da Intel suka fitar mai suna PC 99. Kore shi ne mafitar sauti, ruwan hoda na makirufo ne, shuɗi kuma na shigar da sauti daga wata na'ura. Yaro mai shara ya janye tebur, waya ta fita, ya mayar da ita a shuɗi, shi ke nan an shiga makonni ana zargin bairos. Rashin sani, in ji masu magana, kaza ta kwana a kan dami. Ramin gaba kuma yana da nasa hali: wata siririyar waya ce ke haɗa shi da fanel a ciki, kuma a na'urorin da aka sha buɗewa akan manta a mayar da ita. Don haka in gaba ya ƙi, a gwada baya.

Akwai kuma ƙura. A cikin ramin akwai wani ɗan ƙarfe da ke sanar da kwamfuta cewa an soka abu. Ƙurar hunturu kan cushe shi, sai na'urar ta ɗauka iyafis na nan a soke alhali babu komai, ko ta ƙi ganin lasifikar da ke gabanta. A kashe wuta, a hura ramin, a soka a zare sau biyu ko uku. Wani abin mamaki da kan faru da iyafis na wayar hannu, mai zobba uku a bakinsa, shi ne a ji kiɗa na tashi amma muryar mai magana ta dusashe kamar daga cikin rijiya. Wannan alama ce ta cewa bakin bai zauna daidai a ramin ba, kuma babu fomat ɗin da zai gyara shi.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun allo, domin nan ne matsalar ta fi yaudara. Tsohuwar wayar allo mai shuɗin kai da kusoshi biyu, wato VGA, hoto kaɗai take ɗauka. HDMI da DisplayPort kuwa suna ɗaukar hoto da sauti tare. Da zarar an sauya allo ko an haɗa talabijin ko majigi da ɗayansu, Windows kan yanke wa kanta shawarar tura sauti can. Idan sabon allon ba shi da lasifika, sautin yana fita, sai dai babu bakin da zai furta shi. Alamar ita ce za ka ga koren layin nan na awon sauti yana hawa da sauka, ɗaki kuwa tsit. Maganin shi ne a danna hoton lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, a duba sunan na'urar da aka zaɓa, a mayar da ita kan wadda ke ɗauke da sunan Speakers ko Realtek. Aikin daƙiƙa goma ne. Ka auna shi da kuɗin mota daga Rogo zuwa Kano.

A cikin Windows ɗin ma akwai ƙofofi fiye da ɗaya. Tun daga Windows Vista kowace manhaja tana da nata ma'aunin murya, saboda haka mai yiwuwa ne komai na magana sai Chrome kaɗai aka toshe wa baki. Wani lokaci kuma laifin fayil ɗin ne: fim ya zo da nau'in sautin da manhajar ba ta iya karantawa, sai a ga hoto babu murya. A buɗe shi da VLC, wadda kyauta ce, a gwada wani fayil daban kafin a zargi na'ura. Kada kuma ƙarar "ɗit" da wasu kwamfutoci ke yi yayin kunnawa ta ruɗi kowa. Wannan wani ɗan abu ne dabam, ba ya shaidar cewa hanyar sauti lafiya take.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga direba, wato ƙaramar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da sashen sauti na fanel. Ana duba ta a wurin da ake kira Device Manager. Alamar rawaya mai kusurwa uku a gefen sunan na'ura tana nufin tafintan ba ya nan ko ya rikice. To a nan ne gardamata da masu fomat take. Fomat yana share direbobin da suka zo da na'urar. Gaskiya ne Windows 10 tana ɗauke da direba na gama-gari da kan wadatar, amma ba kullum ba, kuma sauran sai an sauko da su ta intanet. Mai gyara da ke da layin mutane a gabansa ya zuba Windows, ya ga allo ya kawo, ya karɓi kuɗinsa. Mai kaya ya dawo Kwanyawa da na'urar da ta tafi da waya a ramin da ba daidai ba, ta dawo ba direba, ba takardun kwastomomi, ba tarin karatun da aka shekara ana haɗawa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Alhali direban asali yana nan kyauta a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ana nemo shi da lambar da ke manne a jikin akwatin.

Ba zan ɗora wa masu gyara laifin duka ba. Fomat aiki ne mai farashi sananne, ana gani ana biya. Wanda ya zare waya daga shuɗi ya mayar kore, ya ce a ba shi ladan iliminsa, sai an yi masa kallon ɗan damfara. Mu ne muka koya musu cewa ba ma biyan sani, wahala muke biya. Da za mu yarda mu biya kuɗin bincike, ko da gyaran na minti biyu ne, da yawansu za su daina goge mana kaya. Akwai kuma ƙarin dalilin yin taka-tsantsan yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawa daga tsofaffin na'urorin da ke hannunmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Abin da ake zuba musu a kasuwa sau da yawa kwafi ne da aka yi wa kwaskwarima, aka zare masa sassa don ya yi sauƙi. Na'urar da ke aiki lafiya in ban da sauti, kasada ce a miƙa ta ga irin wannan.

Tabbas akwai ranar da sashen sautin kan mutu da gaske, musamman bayan wuta ta zo da ƙarfi ko an haɗa kwamfuta da babbar amfilifaya ba tare da kula ba. Kafin a yi masa ta'aziyya, a leƙa saitin BIOS, wanda ake shiga da F2 a Dell ko F10 a HP yayin kunnawa, domin ana iya kashe sauti daga can, kuma na'urar da ta fito daga wani ofis tana iya zuwa a haka. In ya tabbata ya ƙone, ba a sauya fanel saboda shi. Akwai ɗan abin sauti na USB, bai fi girman filash ba, mai rami kore da ruwan hoda. Ana soka shi Windows ta gane shi da kanta, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na fanel ba.

Saura masu raba kwamfutoci. Hukumomi irin su NITDA da asusun USPF na hukumar sadarwa ta ƙasa, da 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu, sun daɗe suna kai na'urori makarantu. Abin da ake ƙirgawa ranar miƙawa shi ne akwati da allo da allon rubutu da linzami, domin su ne ke fita a hoto. Ina ganin ya kamata shugaban duk makarantar da za a kawo wa irin wannan kaya, a Karaye ne ko Rogo ko wani wuri, ya ƙi sa hannu a takardar karɓa sai an kunna kowace na'ura ya ji muryarta da kunnensa, kuma sai an haɗa da lasifika ko abin sawa a kunne. Ya kuma nemi a zaunar da malami ɗaya da ɗalibai biyu na awa guda, a cire wayar sauti a gabansu, a karkatar da sautin zuwa allo, a toshe bakin wata manhaja, a ce su nemo inda aka yanke. A rubuta matakan da Hausa, da boko da ajami, a manna a bangon ɗakin kusa da makunnin wuta.