Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Goyo Ma Haka

Akwai wata mas'ala da ta yawaita a zaurukan Fagge, har ana kawo ta gaban malamai bayan sallar La'asar. Ita ce mas'alar matar aure wadda ta manyanta, ta yi 'ya'ya huɗu ko biyar, sa'an nan ta ce wa maigidanta tana so ta koma makaranta ta koyi aikin jinya ko ungozomanci. Wata ta gama sakandare tun da daɗewa aka ɗaura mata aure, takardunta suna ƙasan adaka. Wata kuwa har ta fara makarantar jinyar, ciki ya zo, ta ajiye. Maigida ya ji, ya rasa ta cewa. In ya hana, zuciyarsa ba ta kwanta ba. In ya bari, yana tsoron gida ya watse, yana kuma tsoron bakin mutane. To, amsar ita ce barin ya fi hanin alheri nesa ba kusa ba, amma da sharuɗɗa, kuma ba a kan matar kaɗai sharuɗɗan suke ba.

A fara da lalurar, domin ita ce tushen hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, watau fiye da 200 kowace rana ta Allah, kuma wannan ya haura rubu'in duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa a jihohin Arewa maso Yamma, matan da suka haihu a asibiti ba su kai 1 cikin 5 ba. Abin da ke kashe su ba ɓoyayye ba ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da doguwar naƙuda wadda in ba ta kashe ba takan bar mace da yoyon fitsari. Dukansu kuwa abubuwa ne da ungozoma mai ilimi take gane alamarsu da wuri. Duk wanda ya zauna a Fagge shekara ashirin ya bi gawar mai jego zuwa maƙabarta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abin mamaki shi ne asibitoci ba su yi wa mutanen wannan yanki nisa ba. Ga Asibitin Zana a Sabon Gari, inda aka yi ta kwantar da yara a annobar sanƙarau ta 1996, aka sake cika shi da masu mashaƙo a 2023. Ga asibitin Sheikh Muhammad Jidda, ga na Murtala a bakin Ƙofar Mata. Gini yana nan, hannuwan da za su yi aiki a ciki su ne ba su wadata ba, balle hannun mace 'yar gari wadda ta san harshen majinyaciya da kunyarta.

Yadda aka yi hakan ta faru yana da tarihi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi, kuma a cikinsu ne aka daɗe ana samun akasarin masu aikin asibiti, saboda su suka riga shiga boko. 'Yan mishan suka buɗe asibitin ido a 1943 a gefen Sabon Garin. Bafagge ya duba ya ga aikin nas aiki ne na baƙo, ga ɗan guntun farin kaya, ga kai ba lulluɓi, sai ya ce ba da 'yarsa ba. Uzurinsa a wancan zamani ba a raina shi ba. Amma fa waɗannan baƙi sun yi wa iyayen mutanen Fagge jinya shekara da shekaru, kuma ba a gode musu yadda ya kamata ba. Yau kuwa uzurin sutura ya faɗi, domin wanda ya shiga asibitocin Kano zai ga ma'aikatan jinya da hijabinsu da wandonsu har idon sawu.

In wani ya ce, ai zaman gida shi ne asali ga mace, sai a ce masa, haka ne, amma shi da kansa in matarsa ta kwanta naƙuda mace yake nema ta duba ta, kuma yakan ɓata rai in aka ce namiji ne a bakin aiki. To, wannan macen da yake nema, matar wani ce ko 'yar wani. Ba ya yiwuwa kowane maigida ya so a samu mace a ɗakin haihuwa, kuma kowane maigida ya hana tasa koyo. Imamu Gazali ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u, watau abin da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa aka rasa mai yi, laifi ya hau kan kowa. Masu karatun sira sun san Rufaida, wadda ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira. A ƙasar nan ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, da ta tsara 'Yan Taru, manyan mata ta naɗa jajiyoyi, ta ba su malfa, suka riƙa kai karatu ƙauyuka, domin ta san maganar wa ake ji a cikin gida.

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi ga mai shekaru. Yarinya 'yar shekara 19 ta fi ta saurin hadda, babu musu. Amma wadda ta haihu sau biyar ta san abin da mai naƙuda take ji, ta yi jinyar uwarta, wataƙila ta binne ɗa. Jama'a sun daɗe suna kukan cewa wasu ma'aikatan ɗakin haihuwa suna yi wa mata tsawa, har wata takan gwammace ta haihu a gida ta mutu da mutuncinta. Mace mai hankalin girma ba kasafai take yi wa 'yar'uwarta haka ba, kuma in ta ce wa tsohuwar gida a daina ba mai ciki wani jiƙo a tafi asibiti, ana saurarenta, alhali da yarinya ce sai a ce yaushe aka haife ta.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. A farkon 2024 magatakardar hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozomanci ta ƙasa ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, sun tafi Ingila da Amurka da Saudiyya da sauransu. Ba a zarginsu, kowa yana neman inda guminsa zai yi daraja. Sai dai ƙasa ta horar, wasu suna mora. Matar da mijinta ke da shago a Kantin Kwari, 'ya'yanta suna Islamiyya a bayan gida, surukarta tana ɗakin tsakar gida, ita ba inda za ta. Jarin da aka zuba a kanta a unguwa zai zauna. In dare ya raba wani yaro ya kama suma, ƙofarta za a buga.

Amma kada a yaudari kowa, hanyar tana da wuya. Sharaɗin shiga shi ne kiredit 5, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma a zama jarrabawa bai wuce biyu ba. Wadda ba ta cika su ba sai ta sake zaman WAEC ko NECO irin wadda ake yi wa waɗanda suka bar makaranta, bayan ta yi shekara 15 ba ta buɗe littafin Kemistiri ba. A tsohon tsari karatun jinya shekara 3 ne, wadda ta gama kuma ta so ƙarin ungozomanci sai ta ƙara wata 18. A sabon tsarin kwaleji, wanda ake shiga ta JAMB, shekara 4 ne, biyu na ƙaramar difloma, biyu na babba. Akwai kuma na ungozomar karkara mai shekara 2. A watannin farko akwai jarrabawar tankaɗe, wanda ya faɗi akan sallame shi. Bayan aji ga aikin koyo a asibiti, ga kwanan dare a ɗakin majinyata, ga tsayuwa tun safe har ƙafa ta kumbura. Har wa yau za ta zauna benci ɗaya da sa'o'in 'yarta, ta ce "Malama" ga wadda ta girma da shekara goma. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga mutanen zaure, inda ake ganin dattijo mai furfura ya durƙusa da Risala gaban malamin da bai kai ɗansa ba, babu wanda ya ce ya faɗi.

Kuma kada wani ya nemi a sassauta mata jarrabawa don girmanta. Wadda ta kuskure lissafin maganin jariri ta kashe shi, ko shekarunta nawa. Ƙofa za a faɗaɗa, ma'auni kuwa a bar shi yadda yake.

Sa'an nan sai sharuɗɗan da ke kan gida, kuma a nan ne akasari abin yake lalacewa. Maigida in zai ba da izini ya ba da shi da saninsa, ya ƙirga shekarun da kuɗin da kwanan daren tun kafin a sayi takardar neman shiga. Wanda ya yarda a shekarar farko, ya janye a ta biyu don abokan zama sun yi masa ba'a a kasuwa, ya yi asarar dukiyarsa, ya kuma karya zuciyar da ba ta gyaruwa da sauƙi. Mutumin da ya iya aika kuɗi ƙasar Sin ya jira kaya wata uku ba ya ɗaga hankali, bai kamata a koya masa haƙurin jari ba. In gidan na mace fiye da ɗaya ne, a zauna a daidaita ranakun girki a fili. Shari'a ta yarda mace ta bar wa abokiyar zamanta kwananta, kamar yadda Uwar Muminai Saudatu ta bar wa A'isha, amma da yardarta ne, kuma wadda ta ɗauki nauyin 'ya'yan wata shekara uku ta cancanci a san ta yi, da baki da aljihu. Abu ɗaya ne ba shi da kyau ko kaɗan, kuma ana yinsa: a cire babbar 'ya daga makaranta ta yi reno domin uwa ta yi karatu. Wannan an toshe rami ne da ƙasar da aka haƙo daga wani ramin, kuma bayan shekara ashirin ita ma 'yar za ta zo da irin wannan roƙo.

Ita ma mai komawar akwai nata. Ta rage bukukuwa da yawon suna, ta riƙe bayan Asuba domin bita kamar yadda mahaddata suke yi, kuma kada farin kaya ya sa ta ɗaga wa mutanen gida kai. Magidanci namiji wanda ya daɗe yana tsaron kemis ko yana ƙaramin aikin asibiti, ya so komawa ya samu shaida ta gaskiya, shi ma wannan magana ta shafe shi, sai dai nasa nauyin na cefane ne, kuma 'yan'uwa su ne za su tallafa.

An riga an gwada an ga yana yiwuwa. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri mai suna Women for Health da tallafin gwamnatin Ingila, a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Abin da ya yi shi ne ya buɗe ajin share fage ga matan da jama'arsu suka zaɓo, ciki har da matan aure masu goyo, aka koya musu darussan kimiyya har suka cika kiredit, aka tanadi ɗakin reno a makarantu, da sharaɗin in sun gama su koma su yi wa garinsu aiki. Shirin ya ƙare, amma dabararsa ba ta fi ƙarfin mutanen Fagge ba. Jihar Kano tana da makarantun jinya da ungozomanci a cikin birni da Madobi da Dambatta da Gezawa, Asibitin Malam Aminu Kano yana da tasa, Jami'ar Bayero tana ba da digiri. Abin da ya rage shi ne hukumomin makarantun su sa ɗakin reno ya zama ƙa'ida, su bar wa wadda ta haihu damar ɗage zango ta dawo, kuma duk inda aka rubuta iyakar shekaru a takardar shiga a sake dubawa. Attajiran Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari kuwa, waɗanda ba su gajiya da gina masallatai, ɗaukar nauyin matan unguwa biyu ko uku har su gama bai kai kuɗin dila kaɗan na atamfa ba.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya yi niyya. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, kuma ba kowace ce hukumar jinya ta ƙasa ta amince da ita ba. Wadda ta yi karatu a inda ba a amince ba, ba za ta zauna jarrabawar hukumar ba, ba za ta samu lasisi ba, ko da ta shekara huɗu tana biya. Saboda haka kafin maigida ya zare ko sisi, ya je da ƙafarsa ya nemi a nuna masa takardar amincewar, ya tambayi adadin ɗaliban da aka yarda makarantar ta ɗauka a shekara, ya kuma nemi wata da ta gama a can ya ji ko lasisinta ya fito.